Ƙurajen da Suka Fito Mini Bayan Tarin Yayana

’Yan’uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya tsayar da ni gabanku yau.

Sunana Bawa, baduku ne ni daga Ƙofar Taramniya a Sakkwato. A zaure ɗaya muke ɗinkin fata da yayana Audu, har tarin fuka ya kama shi. Ya rame, ya yi ta tofar da jini. A cinyata ya cika.

Ba a daɗe da yin sadakarsa ba, sai wasu ƙuraje jajaye masu tauri suka fito mini a fatar ido da gefen hanci. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, sai yaɗuwa.

Na je wurin wanzaminmu. Ya duba, ya ja da baya, ya ce, “Bawa, wanga tarin Audu ne. Shi ƙirji ya kama mai, kai ta huska ya hito.”

Na koma gida na faɗi abin da ya ce.

Innarmu ta ce, “Mi ya haɗa tari da ƙurji? Ƙyale shi.”

Wa zan gaskata? Ko gyaran murya na yi sai na duba yawuna. Na daina ɗaukar ’ya’yana. Na sha sassaƙe, na yi turare, ƙurajen suka sauko har haɓa. Da na ji ayari zai yi kudu, na bi shi, don kada yarana su ga abin da na gani a jikin Audu.

Haka na iso nan Lakwaja, na sauka gidan Baba Yohanna, wancan dattijon da ke bakin ƙofa. Na ce masa, “Baba, kar ka matso, mutuwa nake ɗauke da ita.”

Sai ya tallabi kumatuna da tafin hannunsa, ya ce, “Ɗana, ban san sunan ciwonka ba. Na san wanda zan gaya wa.” Ya kira sunan Yesu. Na yi kuka kamar yaro!

Kafin damina ta fita, ƙurajen suka bushe, suka bar waɗannan ramuka a fuskata. Tarin bai zo ba. Ko wanzami ne da gaskiya, ko Inna, har yau ban sani ba.

Na gode wa Ubangiji! Kai da ke zaune nan da tsoron da ka kasa faɗa wa kowa, ka faɗa masa. Ni da na zo garin nan neman kabari, gobe zan bi ayari in koma gida. Ku yi mini addu’a. Amin.