Sunan Suruki

A bakin titin Ƙofar Sauri, mutum biyu na jiran Keke Napep. Mai jar hula ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Ɗayan ya ce, "Malam, lafiya? Ka makara ne?"

"Ina ma in makara! Tunda aka haɗe kamfaninmu da na Turawa, suka ce ba Alhaji, ba Malam, kowa a kira shi da sunansa."

"To, ai su a wurinsu zumunci ne."

"Zumunci? Mai kula da sito surukina ne fa! Yau ni zan gabatar da shi a taro. In buɗe baki in ce Tanko?"

"Ga shi kuwa ka faɗa."

Mai jar hula ya kama baki, ya waiwaya.

"Ka gani ko? Ko ofis ban kai ba, sun lalata mani baki!"