Keken Batir na Baba Aksel

Shugabar wannan zama, Uwargida Noreen Makortoff. Mai girma kansilan garinmu, wanda ya zo da mota amma mun yafe masa. Dattawan ƙungiya da suka hau duwatsun nan tun hanyar tana tsakuwa. Iyayenmu da suka yini a kan tukunyar miyar kabejin da muka sha. 'Yan uwana mahaya keke, maza da mata, barkanmu da yamma.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu a yi ƙuri'a. Abin da ke gabanmu ɗaya ne. Dokarmu ta ce ba a shiga zagayen tafkuna na bazara sai da keken da ƙafa ke tuƙawa. Ga shi likita ya hana Baba Aksel Rindahl hawan tudu da ƙarfin ƙirjinsa, har 'ya'yansa sun saya masa keke mai batir. Ko mu sassauta dokar ya bi mu bana, ko mu bar ta yadda take ya zauna a gida.

Da farko, ina so mu tuna yadda muke tafiya. Duk wanda ya taɓa tashi daga garin Kaslo da kaya a kariyar keke ya san al'adarmu: in ka riga kowa isa ƙololuwar dutse, ba ka buɗe guzuri sai na ƙarshe ya iso. Mun tsaya a ruwan sama, mun tsaya sauro na cin mu, mun tsaya yunwa na murɗa mana ciki ga burodi da man gyaɗa a jaka. Na ƙarshen nan kuwa kullum Baba Aksel ne, ba don rashin ƙarfi ba, sai don shi ya ɗauki aikin tsaron baya, da famfonsa da kayan facinsa, kada a bar kowa a hanya.

Shekarar da na fara bin ku, ina budurwa mai ji da kanta, na ɗauro kaskon ƙarfe na kakata a bayan keke, wai zan soya kifi a bakin tafki. Kafin tsakiyar hawa numfashina ya ƙare, na fara hawaye. Sai na ji murya a bayana: "Yarinya, tsaya ki taimaki tsoho, sarƙata ta zame." Na tsaya na huta yana ta taɓe-taɓen sarƙar. Can gaba ta sake zamewa, can ma haka. Sai da muka isa sama Noreen ta dubi kekensa ta ce, "Aksel, sarƙar nan taka ba ta zamewa sai in akwai baƙo a tafiya, ko?" Ya ce, "Ke dai buɗe mana fulas ɗin kofi. Ke kuma mai kasko, in kin sake zuwa ki taho da murhun gaba ɗaya." Da yamma ya kamo kifin da kansa, aka soya a kaskon. Ku duba zauren nan, ku tambayi kanku mutum nawa sarƙar nan ta zame dominsu.

Na biyu, na saurari ɗan uwana Stan Tateishi da kyau, kuma ba zan ce maganarsa banza ce ba. Ya ce daɗin gangarowa zuwa tafkin Slocan, iska na dukan fuska, ruwa na sheƙi a ƙasa, na wanda ya sha wahalar hawa ne. Ya ce in aka buɗe ƙofa yau, baɗi rabin ayari batir ne, masu ƙafa su zama abin tausayi. Ni ma ina jin wannan tsoron, ni ma ina kewar zamanin da ba a jin komai a hanya sai numfashi da ƙarar taya. Amma Stan, wahalar hawa Baba Aksel ya sha tasa, ya sha ta wasu. Ba mu kafa ƙungiyar nan don mu auna cinyar kowa ba, mun kafa ta don mu tafi tare mu isa tare.

Na ƙarshe, kun lura kujerar Baba Aksel babu kowa. Na same shi a waje wajen ajiye kekuna, na ce ya shigo akwai sanyi. Ya ce, "A'a. In ina zaune, kunya za ta sa su ɗaga hannu, ni kuwa ba na son kyautar kunya. Kada ki roƙe su. Ki dai gaya musu ba gaban ayari nake nema ba, a bar ni a wurina na baya." Ya ce in an gama, ni zan fita in gaya masa yadda aka yi. Ban roƙe ku ba, tunda ya hana. Abin da kawai zan ce, ku dubi saƙon da za ku aike ni da shi, domin ni ce zan kalli idonsa.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya tsare mu a hawa da gangara, ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Shugaba, a ɗaga hannu, mutumin yana jira. Na gode.