Kujerar Gaba Ta Baba Ce

Haulat: Halo? Salamu alaikum. Halo?

Zulkiflu: Wa alaikumus salam. Yaya Haulat, ni ne.

Haulat: Wa? Ɗaga murya, ruwa ake zubawa a kan kwano, ba na jin komai.

Zulkiflu: Zulkiflu ne! Daga Doha!

Haulat: Ah ah, Zulki ƙanena! Mutanen Ƙatar! Ina kwana? Ko ku ina wuni ne?

Zulkiflu: Mu har an kira azahar. Kin tashi lafiya? Ya Jalingo, ya damina?

Haulat: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya zafi?

Zulkiflu: Zafi kam ba a magana. In ka fito daga mota, tabarau ɗinka ma sai ya yi gumi. Ya yara? Ya Malam Ɗayyabu?

Haulat: Duk lafiya, ya tafi kasuwa. Tsaya in sa ka a sifika, hannuna duk kumfa ne. Na zo gidan Baba ina ɗan yi masa wanki.

Zulkiflu: Ya jikin nasa?

Haulat: Da sauƙi. Yana ɗaki da rediyonsa. Maganin ɗigawar da ka aiko ya iso, ana sa masa safe da yamma. Kana ina ne nake jin hon?

Zulkiflu: West Bay. Ina ƙasan benen kamfaninmu, cikin mota, ina jiran mai gidan ya sauko. Yaya, ina tafe ƙarshen Oktoba.

Haulat: Oktoba? Ba ka ce hutunka sai Janairu ba?

Zulkiflu: Na fasa Janairu. Zan zo in ɗauki Baba mu hau Gembu.

Haulat: Gombe? Wa ya rasu a Gombe?

Zulkiflu: Gembu! Gembu, Yaya! Mambila, kan dutse!

Haulat: Gembu? Inna lillahi. Kai Zulki, zafin ƙasar nan ya taɓa ka ne? Tsohon da in zai tafi masallaci sai ya lalubi bango, shi za ka ɗora wa hawan Mayo Selbe? Yin me?

Zulkiflu: Kallo.

Haulat: Kallo!

Zulkiflu: E, kallo. Shekara ashirin da bakwai yana hawa dutsen nan da babbar mota, ya kai gishiri, ya sauko da ayaba da fiya. Ya taɓa gaya mini bai taɓa tsayawa ya kalli wurin ba, idonsa kullum yana kan kwana da allurar zafin inji. Ya ce in ya yi ritaya zai koma lokacin kaka, a zaune, wani na tuƙi. Shekara tara ke nan da ya ajiye mota.

Haulat: To dutsen guduwa zai yi? Ka bari sai Janairun mana.

Zulkiflu: Yaya, me likita ya ce miki?

Haulat: Halo? Layin yana yankewa.

Zulkiflu: Layi ƙalau yake. Me likitan ido ya ce miki ranar da kika kai shi?

Haulat: Ya ce a ci gaba da magani.

Zulkiflu: Takardar da kika ɗauki hotonta kika turo mini don in sayi maganin, ba sunan magani kaɗai ne a jikinta ba. Akwai wata nas a nan, Sista Caroline, 'yar Takum ce, a asibitin ido take aiki. A Muntazah take zaune, kusa da inda muke cin tuwo ranar Juma'a. Na nuna mata don ta gaya mini kantin da zan samu. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta ce in zauna.

Haulat: Zulki...

Zulkiflu: Ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani, bututun kuma kullum ƙara tsukewa yake. Na ce wata nawa? Ta ce ita ba Allah ba ce, amma da mahaifinta ne, ba za ta jira Janairu ba. Kin sani, ko?

Haulat: Na sani.

Zulkiflu: Tun yaushe?

Haulat: Tun kafin babbar salla. To in gaya maka ka yi me? Kana can kana tuƙa mutane a kan titi mai layi shida, in sa maka wannan a rai ka je ka daki motar wani? Shi kansa Baba ban gaya masa ba. Ni kaɗai nake ta fama da abin, wallahi ko Malam sai makon jiya ya ji.

Zulkiflu: Ki yi haƙuri. Ban kira don in yi miki faɗa ba. Daina kuka, Yaya, ki saurare ni, na riga na tsara komai.

Haulat: Ba kuka nake ba, sabulu ne. Ina jin ka.

Zulkiflu: Na yi magana da Tanko abokina na gareji. Zai ba ni Hilux ɗinsa, fowil ce, mai ja da ƙafa huɗu. Na ce ya duba burki da kuloci, ya sa sababbin tayu, safaya biyu. Makon ƙarshe na Oktoba nake so. Ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, ba a fara ƙona daji ba. Lokacin ne tuddan nan suke kore shar har iyakar gani. In aka kai Janairu duk sun koma ruwan ƙasa, ko da idon yana nan.

Haulat: Kai da rabonka da Mambila tun kana aji uku, ina ka san duk wannan?

Zulkiflu: Wata guda ke nan ina kiran direbobin tashar Gembu. Akwai wani Yussif da yake hawa sau biyu a mako, har ya gaji da ni. Duk inda hanya ta zabtare yana turo mini hoto.

Haulat: Ka ji ko! Da bakinka ka ce ta zabtare. Ga ramuka, ga abin da ake ji a hanya...

Zulkiflu: Da rana kawai za mu yi tafiya, kuma bayan motocin haya za mu bi. Kwana biyar. Nguroje mu tsaya ya ga gonakin shayi da shanu. Gembu mu sauka bakin kogi. Daga nan Dorofi, bakin iyaka. Ba za mu tsallaka ba, tsayawa kawai za mu yi a kan tudu ya hango Kamaru.

Haulat: Garin su Inna.

Zulkiflu: Garin su Inna, Allah ya jiƙanta. Can ya fara ganinta, can nake so mu ƙare.

Haulat: Amin. Hmm. To tsaya. Hutun fa? Sun ba ka?

Zulkiflu: Sau biyu ina zuwa wurin mudir, shugaban direbobi. Ya ce Oktoba lokacin baƙi ne da taruka, ba direban da zai motsa. Na biyun ko ɗago kai bai yi ba, ya ce khalas, magana ta ƙare, sai Janairu.

Haulat: To ka gani.

Zulkiflu: Shi ya sa yau zan yi wa kafil ɗina magana da kaina, shi mai kamfanin. Ni zan kai shi gidansa a Rayyan, tafiyar rabin awa, daga ni sai shi. In ya yarda, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ga istiƙala a aljihuna.

Haulat: Istihara? Ai gara ka yi ta, wallahi. Da ita ya kamata ka fara.

Zulkiflu: Istihara na yi tun shekaranjiya. Istiƙala na ce. Takardar ajiye aiki.

Haulat: Me? Zulkiflu! Aikin da ka yi shekara biyu kana bin ejan kafin ka samu? Ga matarka Nusrat can wurinka da goyo! Ta sani?

Zulkiflu: Ita ta fara cewa in rubuta. Sai na ba su notis na wata biyu kafin su sake ni. In ban miƙa a makon nan ba, Oktoba ta wuce ni. Yaya, tuƙi ne sana'ata, ko a Jalingo akwai sitiyari. In na zauna a nan ina kai mutane otal har idon nan ya rufe, ba zan yafe wa kaina ba.

Haulat: Kai dai taurin kan Baba ka kwaso duka, ko kaɗan ba ka rage mini ba.

Zulkiflu: Kuma da ke za a je.

Haulat: Ni? Ni da ko Zing na je sai na yi amai? Waɗannan kwane-kwanen hanyar za su kashe ni!

Zulkiflu: Wa zai riƙa ɗiga masa magani a kan lokaci? Ni ba na iya kusantar idon mutum. Ki sayi lemun tsami da leda.

Haulat: Allah ya shirye ka. To ai sai a nemi bargo, wurin nan sanyi ne kamar ƙanƙara. Rigar sanyinsa asu ya cinye ta.

Zulkiflu: Na saya masa jaket mai gashi a ciki, da hular sanyi da safa. Mai kantin har dariya ya yi mini, wai wa ke sayen jaket a watan Agusta a Doha.

Haulat: Ni zan yi dambun nama da cincin. Kuma filas biyu, ka san shi da shayi. To ta yaya za mu gaya masa? In ya ce me ya kawo tafiyar bagatatan fa?

Zulkiflu: Ki ce ni ne nake marmarin wurin. Ranar farko mu kwana a Bali, washegari...

Baba: Ba a kwana a Bali.

Haulat: Wayyo Allah! Baba! Tun yaushe kake tsaye a nan?

Baba: Tun Gombe. Miƙo mini wayar. Ina take? Yauwa. Zulkiflu.

Zulkiflu: Na'am, Baba. Ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?

Baba: Lafiya lau. Wane sakaran ne ya ce ka kwana a Bali? Serti ake kwana. Ka yi asuba a can, ka isa gindin dutse rana tana ɗagowa, lokacin gajimaren ya tashi daga kan hanya. In ka kwana a Bali da tsakar rana za ka hau, inji ya tafasa maka a kwana ta huɗu.

Zulkiflu: To, Baba. Serti.

Baba: Kuma giya ta biyu za ka riƙe tun daga ƙasa. Wajen saukowa kar ka kwanta a kan burki. Motocinku na can masu canja wa kansu giya sun lalata muku ƙafa. Ka ma tuna yadda ake taka kuloci?

Zulkiflu: Kai ka koya mini.

Baba: Za mu gani. Ni zan zauna gaba. Haulatu ta zauna baya da ledarta.

Haulat: Baba, ka yafe mini, ban so in ɓoye maka...

Baba: Ke, idon a kaina yake ko a kanki? Tun bara na daina ganin hannuna in na miƙa shi gefe. Na ga kina ta wahala kina ɓoyewa, na ce bari in bar ki, kar in ƙara miki. Share fuskarki. Zulkiflu, kana ji na?

Zulkiflu: Ina ji, Baba.

Baba: Maganar takardar nan. Ba zan ce ka miƙa ba, ba zan ce kar ka miƙa ba, kai ma uban wani ne yanzu. Amma ka fara yi wa mutumin magana kamar ɗan mutunci. Kar ka yi roƙo, kar ka yi tsawa. Ka ce masa ubana tsohon direba ne, yana da sauran lodi ɗaya. Shi ma ai wani ne ya haife shi.

Zulkiflu: In sha Allah haka zan faɗa.

Baba: Kuma in ka zo, ka aske wannan ƙasumbar da Haulatu ta ce ka tara. Shekara huɗu ban gan ka ba sai a gilashin waya, shi ma yanzu hanci kawai nake samu. Ina so in ga fuskar gaba ɗaya, da rana, a waje.

Zulkiflu: Zan aske, Baba. Wallahi zan... Baba, ga shi nan, ya fito daga lifta. Shi kaɗai ne.

Baba: Motar a goge take?

Zulkiflu: Tas.

Baba: To me kake jira a waya? Tashi ka buɗe masa ƙofa. Haulatu, ina ake kashe abin nan?