An Ƙirga Wayar Mai Gida, Ni An Fitar da Ni

Mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Malama Rifkatu daga Samaru.

Ranar Asabar muka taru zaɓen shugaban kwamitin unguwa. Yadda muka saba, kowa yakan tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga. Ina tsaye sai sakatarenmu Bala, wanda ni na koya masa karatu a firamare, ya matso ya ce, "Malama, ki yi haƙuri ki fita. Bana masu gida kaɗai za a ƙirga, ban da 'yan haya."

Na koma gefe. A unguwar nan na yi furfura, kuma duk damina ɗakina ruwan kwata yake fara shiga. Ban gama mamaki ba sai aka kira mai gidan da muke haya a waya, wanda ya koma Sabon Gari tuntuni. Aka ɗaga wayar a inda na tashi, aka ƙirga ta sau uku, wai gidajensa uku ne.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ran da za a yashe kwata, in fito da shebur ɗina, ko in bar wa wayar aikin?