Takalmin da Ya Ƙi Shiga

Silifa na je saye, amma kunne ba shi da murfi. Wata mata ta jawo ɗanta rumfar mai takalma.

"Malam, takalminka ya tsuke. Kwana uku kacal, ya ƙi shiga."

"Hajiya, ƙafar yaron ce ta kumbura. Danna ki gani."

"Ƙiba ce, haka jikin gidanmu yake."

"Ƙiba na barin rami? Yana tashi ido a kumbure, fitsarinsa na kumfa, ko?"

"Kai boka ne?"

"Uba ne. 'Yata ta yi irin wannan ciwon. Ƙoda ce ke yoyo, kuma magani ya saukar mata da kumburin. Ki kai shi asibiti yau."

"To, canza min babba."

"Ba zan canza ba. Kumburin na sauka, wannan ɗin zai shiga."