Rangwamen da ya je Gusau ya dawo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ina da shagon abaya a Bab Makka, nan Jidda. Kafin azumi na tura wa kwastomomina saƙon waya cewa duk wanda ya nuna shi zan yi masa rangwame, amma na manta ban sa ranar ƙarewa ba. Jiya, bayan wata biyar, wata dattijuwa 'yar umara daga Gusau ta miƙo min wayarta, ta ce, "Ɗana, an ce ba ka saɓa magana." Shi ke nan, na rage mata. Ta koma ta kawo mata bakwai.

'Yan kasuwa, ku ba ni shawara: in soke saƙon, ko in bar shi ya ci gaba da yawo? Ban taɓa taka Gusau ba, amma ga shi ana shaidata a can.