Ranar da Aka Tashi Tsohuwar Unguwa

A ɗakin jiran likitan ido, wani malamin makaranta ya rufe littafin tarihi da ƙarfi, ya juya ga tsohuwar da ke gefensa.

"Mama, ji wata ƙarya. Wai mutanen tsohuwar unguwa da kansu suka tashi don a gina madatsar ruwa."

"A can aka haife ni, ɗana."

"Madalla! Masu mulki su rubuta son ransu, amma ba su isa su canza abin da ido ya gani ba. Korarku aka yi, ko?"

"Na tuna mahaifiyata ta riƙe ƙyaure, sai da aka ɓamɓare mata yatsu."

"Kin ji ba!"

"Na kuma tuna muna bayan mota, muna tafi muna waƙa."

"Wannan a talabijin kika gani, kullum suna nunawa."

"Wataƙila. Na ƙyauren kuma yayana ne ya cika ba da labarinsa, shi kuwa ɗan adawa ne."

"To ke wanne kika gani?"

"Na lura da wanda kake so in faɗa. Ni dai ban san wanne ne nawa ba, kuma duk wanda zan tambaya ya mutu."